Tayar da Na Ƙi Ɗinkewa

Faci na iya, bayan shi ban iya komai ba. Elemantare aji uku na yi aka kore ni, ko na kori kaina, ya danganta da wanda aka tambaya. Abin da na tsira da shi daga can shi ne wannan rubutu mai kama da tonon kaza. Amma taya, ko ido rufe aka miƙo mani ita, in na shafa zan faɗi abin da ke damunta. Masu facin yanzu ina kallonsu a bakin titi. Su shafa, su manna, su hura, su karɓi kuɗi, mai mota bai kai Bakori ba iska ta fita. A da in na gani har zagi nake yi. Yanzu na rage, ba don sun gyaru ba.

A shekarun da Turawa ba su daɗe da sauka ba, rumfata tana Malumfashi, bakin hanyar da ta fito daga Funtua, gindin wata marke. Rumfar kara ce, da benci guda, da rabin duro cike da ruwa, da famfon hannu, da ƙarafan ɓanɓare taya, da gwangwanin sholisho. Kafin in cire tiyub, wato robar ciki mai riƙe iska, sai na ja alli a jikin taya daidai inda bawul, wato bakin hura iska, yake. In na tsoma tiyub a ruwa kumfa ya nuna mani hujin, sai in auna daga bawul, in san wurin da zan nemi abin da ya yi ɓarnar. Ƙaya ba ta tafiya don an toshe hujinta. Tsininta na nan maƙale a jikin taya, yana jiran ka mayar da tiyub. Sai in zura hannu ina lalube har ta soke ni. Sannan in kankare wurin, in shafa sholisho, in koma in zauna. Zaman nan shi ne facin. Sai ya sha iska, ka taɓa da bayan yatsa ka ji bai biyo ka ba, sannan ka manna. Direba na tsaye yana kaɗa makulli, yana cewa rana tana yi, ni ko kallonshi ba na yi. In ya matsa mani in ce, "Ga wani can tsallake."

Tsallaken hanyar kuwa akwai wani mai facin, mutum mai fara'a, bakinshi bai san a'a ba. Ko allo ka mirgino mashi ka ce taya ce, zai ce to, ya ɗauko famfo. Muna gaisawa, muna sallah sahu ɗaya, amma ban ɗauke shi ɗan sana'a ba. Ni kirarina, wanda na yi wa kaina da kaina, shi ne facina ba ya dawowa. Gaskiya ne kuma. Direbobin manyan motoci masu kwasar auduga zuwa gidan gurza na Funtua a bencina suke zama, ba a nashi ba, duk da baƙin halina.

Innata Bamagujiya ce, daga wata unguwa a dajin yamma da gari. Ta musulunta ne da za ta auri babana. Danginta suna can kan al'adarsu, suna noma kamar ba gobe, suna shan giyarsu, kuma ban taɓa zuwa na dawo da yunwa ba. Ɗan yayanta, taubashina ke nan, ya girme ni da kaɗan. Tun muna ƙanana yake ce mani ɗan mace, wai shi ɗan namiji shi ne ubangida, ni bawanshi. Ni kuma in ce mashi Sarkin Noma, ba don an naɗa shi ba, don in ba shi haushi. Hulata, goron aljihuna, wuƙar aska, duk abin da ya gani nawa ya yi mashi, ɗauka yake ina kallo. Amma in na miƙa mashi abu da hannuna ba ya karɓa.

Kawu, wato ubanshi, galma ce ta cinye shi. Ya tsufa a duƙe kamar lauje, in zai dube ka sai ya karkato kai. Taubashina ya ce shi ba zai ƙare haka ba. Shekara da shekaru yana tara abin da auduga ta kawo, matarshi na dafa giya tana sayarwa, har ya sayi maruƙa biyu wurin Fulani, ja da fari, ya hore su da kanshi. Ya sayi garmar shanu. Daga baya wani maƙeri a Funtua ya haɗa mashi keken shanu a kan ƙafafun wata matacciyar mota. Shi ne na farko a unguwarsu. Da damina ya huɗe gonarshi ya yi wa mutane ta lada, da kaka ya yi jigilar dawa da auduga. Shanun nan su ne suka tsaya tsakaninshi da galma, kuma sai su biyun. Karkiya wuya biyu take so. Sa ɗaya ba ya huɗa, ba ya jan keke. Jan shi ne mai hankali, ya san muryar mai shi. Farin ƙarfi kawai gare shi, bin jan yake.

Ƙarshen wata kakar auduga aka yi shela cewa cikin makon za a rufe fuloti, wurin da ake auna auduga a saya. Wanda tashi ba ta iso ba sai ya zauna da abarshi, ya riƙa sayar wa masu kaɗi kaɗan-kaɗan, ko gara ta taya shi. Da hantsi ina zaune da direbobi a benci sai na hango taubashina yana mirgino ƙafar keken shanunshi a bakin hanya, gumi har gwiwa.

"Ɗan mace! Fito ka gaida ubangidanka."

"Wa ya saki Bamaguje cikin gari da hantsi haka? Tulun ya ƙare ne?"

"Ya ƙare, ya bar ni da kwaɗayin goronka." Ya zura hannu aljihuna ya ɗauka, ya ɓantara, ya gaida direbobi ɗaya bayan ɗaya. "Ku kuke zama da wannan? Allah ya ba ku haƙuri. Mu da muka goye shi mun san abin da muka gani."

Suka yi dariya. Na kwantar da ƙafar na duba. Ba huji ba ne. Gefen tayar ne ya tsage tun daga baki, tsagar ta kai tsawon tafin hannu, kuma wayar da ke cikin bakin taya, wadda ke riƙe ta a jikin ƙarfe, ta tsinke. Tiyub ya leƙo ta tsagar ya fashe.

Na ce, "Sarkin Noma, wannan ta mutu. Kai ta wurin dukawa su yanka maka takalma, ka huta da tafiya ƙafa ba komai."

"Ɗinke ta."

"Ba na ɗinki. Ni ba baduku ba ne."

"Na ga ana yi. A shimfiɗa wata robar ta ciki, a ɗinke. Ta kai ni fuloti kawai, in na sayar ka samo mani wata, ko ta zinariya ce."

"Irin wannan sai Funtua, in ba a dace ba sai Zariya. Ka ba ni kwanaki."

"Kwanakin ne babu. Audugata na ɗaki, ta maƙwabta na tsakar gidana, na ce masu zan kai. Da babu ai gara ba daɗi."

"Za ta fashe. In ka ɗora mata kaya, a gangaren rafin nan naku za ta fashe. Sannan a ce aikin wa? A ce nawa."

"Wa zai ce? Shanun?"

Direbobi suka sake fashewa da dariya, wannan karon ni ake yi wa. Wani dattijo cikinsu, wanda ya je Makka, ya ce, "A'a, gaskiya mai faci ya faɗa maka. Ni ko kyauta aka ba ni wannan ba na hawa kanta." Maganar ta yi mani daɗi ƙwarai. Na gyara zama.

Taubashina ya daina dariya. Ya tsuguna kusa da ni, ya rage murya yadda su ba za su ji ba, ya ce, "To yaya zan yi?"

Ni ban rage tawa ba. Na ce, "Ku ɗauko a ka, yadda kakanninku suka yi."

Wasa ne irin wanda muka saba, na faɗa mashi abin da ya fi wannan muni ya rama. Amma ranar bai rama ba. Ya dube ni, ya tada ƙafar kekenshi, ya duba hagu da dama, ya mirgina ta tsallaken hanya.

Daga bencina ina ganin komai. Mai fara'a ya ce to. Ya yanko ɓallin tayar keken hawa, siriri kamar ganye, ya shimfiɗa ta ciki. Ya huda gefen tayar da kibiya ya ɗinke da waya. Ya manna wa tiyub faci sholisho bai ko bushe ba. Sannan ya hau famfo yana bugawa, yana bugawa, har tayar ta yi tauri kamar dutse, yana buga ta da guduma yana nuna wa taubashina yadda take ƙara.

Na sha auna wannan magana a raina. Tayar ta mutu, wannan babu ja. Wanda ya ce a ɗinke ta ya nemi abin da bai kamata ba, kuma in aka ce yau in koya wa wani sana'a, zan ce mashi kada ya ɗinka. Amma akwai ɗinki, akwai ɗinki. Da ni ne, ɓallin tayar babbar mota zan yanko, mai kauri, mai faɗi, in fere gefenshi don kada ya ci tiyub. Da tsirkiyar fata zan ɗinke, ba waya ba, don waya yanka roba take. Iska rabi zan ba ta. In ce mashi ya raba kayan, in ya zo bakin rafi ya sauke, a ƙetarar da keke wayam, a sake lodi a can. Wataƙila ta kai shi. Wataƙila kuma ta fashe duk da haka, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne duk wannan yana cikin kaina a lokacin, ina zaune, ina kallon mutum yana cika wa matacciyar taya iska. A sana'armu ba ka tsallaka hanya ka sa baki a aikin wani. Doka ce, kowa ya san ta, kuma ranar nan ta yi mani rana.

Da aka gama taubashina ya biyo ta gabana yana mirgina ta. Fuskarshi ta saki.

"Ɗan mace, ga takalmana sun tashi suna tafiya!"

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Ko cewa ya rage iskar ban yi ba. Kalma nawa ce?

Washegari wajen azahar wani maƙwabcinshi ya iso a keke, ya tsaya ko sauka bai yi ba.

"Ɗan'uwanka ya ce ka zo da wuƙa."

"Wuƙar me?"

"Jan san ne. Ya karye. In mu muka yanka mahautan gari ba za su saya ba, ka sani. Ya ce ka yi sauri kada ya zama mushe."

Ban tambaye shi a ina ba. Na aro babbar wuƙa wurin mai tsire, na hau kekena na bi shi.

Gangaren rafin ba wani dogo ba ne, amma a miƙe yake, kuma hanyar ta karkace daidai inda ake sauka. Ruwa ya ƙafe, sai yashi. Keken yana kwance a gefe, ƙafa ɗaya sama. Auduga ta watse cikin yashi da ciyawa, mata sun zazzauna suna tsince ta suna zubawa a zannuwa. Farin san an ɗaure shi a gindin wata kanya, yana ta kuka yana jan igiya. Jan yana kwance. Da tayar ta fashe kayan suka rinjaya gefe, sandar keken ta murɗe karkiya ta danne shi, ƙafar gaba ta karye ƙasa da gwiwa, ƙashi ya fito waje. Taubashina na zaune a yashi ya ɗora kan san a cinyarshi, yana sosa mashi gindin ƙaho.

Na shirya jin zagi. Na ma shirya abin da zan mayar. Ya ɗago ya ce, "Ka iso? Duba nan. Inda ka ce, nan ta fashe. Ko taki ɗaya ba ka kuskure ba." Ya juya ga mutanen da ke tsaye. "Jiya ya faɗa mani, a gaban direbobi. Ya ce a gangaren rafinku. Kun ga irin bayin da muke da su?"

Akwai wani Bafulatani a wurin, dattijo, jingine da sandarshi. Shi ya duba ƙafar ya ce ba ta ɗoruwa. Na ce, "Ga Baffa nan, ai Musulmi ne, ya fi ni sanin yankan sa. Ni yankan rago ne iyakata."

Taubashina ya ce, "Ya ce zai yanka. Na ce a'a, ina da nawa Musulmin. Kai ba ka aikin garaje. Ka yi mashi a hankali, sau ɗaya."

Ya zare cinyarshi, ya tashi, ya tafi wurin farin ya tsaya ya ba mu baya. Maza suka ɗaure ƙafafun jan, muka juya shi gabas. Bai yi gardama ba, sa ne da ya saba a taɓa shi. A wuyanshi akwai kanta inda karkiya ke zama, gashin wurin ya goge, fatar ta yi tauri, sai da na matsa sama kaɗan. Na yi bisimilla na yanka. Sau ɗaya, yadda ya ce. Na yi aikin da kyau, wannan ma ba wanda zai ce ban yi ba.

Kafin a gama fiɗa mahauta biyu sun iso daga gari, ban san wa ya gaya masu ba, su da ungulu hancinsu ɗaya. Sun san mai nama ba ya da zaɓi, suka taya yadda suka ga dama. Mutanen unguwa suka yi watanda da sauran, kowa ya ɗauki kashi don a rage mashi asara, har waɗanda na san ba su da halin cin nama a watan. Ina wanke hannu da yashi sai wani tsoho ya miƙo mani wuyan, naɗe a ganye. Na ce ba na so.

Ya ce, "A nan wuya na mai yanka ne. Ba kyauta ba ce, haƙƙinka ne."

Taubashina daga can ya ce, "Karɓi, ɗan mace. Yaushe rabonka da nama in ba na salla ba?"

Na ɗaure a bayan keke na kawo gida. Matata ta yi farfesu da shi. Na ci. Ba zan ce ya tsaya mani a maƙogwaro ba, don bai tsaya ba. Naman da daɗi.

Audugar kuwa a ka da jakuna aka kai ta, yadda na ce. Ta iso kafin a rufe, amma wadda ta sha yashi aka jefa ta lamba ta ƙasa.

Abin da ya biyo baya shi ne ban shirya mashi ba. Taubashina mutum ne mai baki, kuma ya ɗauki labarin nan ya mai da shi abin alfahari. A kasuwa, a wurin gayya, a gindin tulun giya, ko'ina ya zauna sai ya ba da shi: yadda ƙanenshi ya shafa taya da hannu ya faɗi wurin da za ta fashe, kamar mai duba. Kowane bayarwa yana ƙara gishiri. Ba da daɗewa ba masu keken shanu suka fara zuwa rumfata, don a shekarun sun fara yawa. Daga ƙauyukan Maska, har daga wajen Matazu, mutum ya wuce masu faci nawa a hanya ya iso ya ce, "Kai ne wanda ya ce za ta fashe?" In ce ni ne. Ya ce, "To duba mani wannan, abin da ka ce shi zan yi." In na ce a sayi wata, ba a gardama. Na fara zuwa Funtua ina saro tsofaffin tayoyi ina ajewa. Kafin damina na cire karan rumfa na buga kwano. Mai fara'a na tsallake shi ma bai rasa komai ba. Da aka ba shi labari ya ce ƙaddara ce, ya ci gaba da cewa to, masu keken hawa suka ci gaba da zuwa wurinshi. Cikinmu uku mutum ɗaya ne ya yi asara.

Farin san bai sayar ba. Abin da aka samu a naman jan bai kai rabin kuɗin wani ba, ga maƙwabta da ya ga ya kamata ya rage wa asarar audugarsu. Ya gwada haɗa farin da san wani mutum a unguwar gaba, suka ƙi tafiya tare, wannan ya ja gabas wancan ya ja yamma. Duk da haka ya riƙe shi, yana yanko mashi ciyawa, yana tara mashi harawa, sa yana ƙiba a turke ba aikin fari ba na baƙi. Keken aka jingine bayan rumbu, kaji suka mai da shi wurin kwana.

Da damina ta zauna na hau keke na tafi. Na same shi a gona shi da matarshi, yana huɗa da galma, garmar shanu na gida. Ya hango ni ya miƙe, hannu ɗaya dafe da ƙugu.

"Kai, yau bawa ya tuna da gonar ubangida. Ga galma can, tuɓe rigar."

"Hannun nan na manyan motoci ne, Sarkin Noma. In ya yi kanta wa zai biya ni?"

Matarshi ta kawo mani ruwa a ƙwarya, ta ce, "Mijina, bar shi ya yi ta surutu, zo ka zauna a inuwa." Haka take kirana, don wasan ya shafe ta. Muka zauna gindin ɗorawa. Na yi ta kewaye-kewaye, ni da ban iya kewaye ba, sannan na ce, "Na ga wani ɗan bijimi a kasuwar Funtua, zai yi tsawon farin nan naka. Ina da halin sayen shi yanzu. In kawo maka."

Ya tauna tsinken da ke bakinshi ya tofar.

"Ɗan mace, ka taɓa ganin ubangida ya karɓi sadaka a hannun bawanshi? In shiga unguwa da sa, a ce wa ya ba ka, in ce ƙanena ne ya ji tausayina?" Ya girgiza kai. "Ni abinka ƙwacewa nake. In kana son kiwo, ka sayi sanka ka ɗaure a ƙofar gidanka. In ɓarawo ya zo da rana tsaka ya kwance, kada ka ce ban faɗa maka ba."

Matarshi ta yi dariya, shi ma ya yi, ni ma na yi. Ya koma kan kunyarshi.

Ni ba yaro ba ne, kuma ba baƙo ba ne a wasan nan. Na ji abin da ya ce. Ya nuna mani ƙofar da zan bi, ya buɗe ta, ya koma gefe. Amma a hanyar dawowa, ina taka keke, sai na ji wani sanyi a raina. Na ce ai na yi tayi an ƙi. Na sauke nauyi. Kuɗin kuma daman akwai wani famfo mai ƙafa da na gani a kanti a Zariya, wanda zai rage mani wahalar manyan tayoyi. Na ce in saye shi tukuna, sa ba ya ƙarewa a kasuwa, bayan kaka sai a yi.

Duk ranar kasuwa yakan biyo ta gidana kafin ya wuce rumfa, abin da da can bai saba ba. Matata ce ta fara lura. Ta ce, "Yayanka in ya zo, kafin ya yi sallama sai ya leƙa gefen zaure, wajen turken nan da ba komai. Me yake nema?" Na ce mata ta bar shi, halinshi ne leƙe-leƙe. Wata rana ni ma na gan shi da idona, ina fitowa daga masallaci. Ya tsaya, ya leƙa, ya ɗan jima, sannan ya gyara rigarshi ya ɗaga murya yana kiran ɗan mace. Bai taɓa tada maganar ba, ni ma ban tada ba.

Kaka ta zo, na sayi tayoyi da yawa don masu keke sun ƙaru, kuɗin suka shige can. Na ce bayan an rufe fuloti. Aka rufe, matata ta haihu. Na ce kafin ruwa ya sauka. Ko wane dalili cikin waɗannan gaskiya ne, in aka kai ni gaban alƙali zan rantse a kanshi. Shi kuwa duk tsawon ranin nan yana ciyar da farin sa, har ya kai ga sayen dusa, harawar ta ƙare. Leƙen ya ragu. Daga baya matata ta ce ya daina biyowa ta gida.

Gab da faɗuwar ruwan fari, wata ranar kasuwa, rumfata cike da mutane, ina durƙushe kan tayar wata babbar mota, sai wani cikin masu jira ya ce, "Kai, ga sa! Wannan mahauta za su yi rububi." Na ɗaga kai. Taubashina ne a ɗaya gefen hanyar, yana jan farin da igiya, sa ya yi ƙiba har tozo na rawa. Bai tsallako ba. Ya ɗaga mani hannu daga can, na ɗaga mashi nawa da ƙarfe a ciki. Da la'asar ya dawo ta gabana, igiyar naɗe a kafaɗarshi.